Farfesa Tosello da Ƙaryata Mai Shaidu Bakwai

Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa, da mai digiri da mai faci. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2019, da hantsi, ina durƙushe gaban tayar wata motar madara, 'yata Ornela ta kira ni daga Rosario ta ce Farfesa Herminia Tosello ta rasu. Shekararta saba'in da ɗaya. Ciwon huhu ne ya yi wata biyar yana cin ta, ita kuma tana cewa mura ce, a bar ta ta gama littafi tukuna. An yi mata addu'a a coci ranar Alhamis, muka raka ta makabarta cikin yayyafi, ni da rigar kwat ɗin da na yi aure da ita, wadda yanzu ba ta rufuwa.

Masu ilimi sun riga sun rubuta tasu ta'aziyyar. Ornela ta karanta mini guda uku, na fahimci rabin ɗaya. Ni a aji biyar na firamare aka sallame ni, ba don na gama ba, don malamar ta gaji. Saboda haka duk wanda ya ga wata kalma ta karkace a nan ya yi haƙuri, hannun da ya saba da guduma ne. Kuma ba ni na ce zan rubuta ba. Sa ni aka yi, za a ji dalili.

Farfesa, bari in yi magana da ke kai tsaye, tunda yau ce rana ta farko da ba za ki katse ni ba. Ina jin haushinki. Na yi kuka a makabarta, kowa ya gani, amma ina kukan ina jin haushinki, har yanzu ma ina ji.

A watan Maris na 2007 tayarku ta sace daidai ƙofar shagona, a bakin hanyar shiga garinmu Brusasco. Mijinki Don Evaristo ne ke tuƙi, a wata tsohuwar mota da ko ni na ji tausayinta. Kika fito da tabarau a rataye a wuya, kika tambaye ni ko na san zauren Ƙungiyar 'Yan Italiya inda ake nuna finafinai a da. Na ce, "Na san shi? Ai mahaifina Bartolo Racca ne ya riƙe majigin zauren nan shekara ashirin da shida." Da na tsaya a nan, da yanzu kowa na zaune lafiya. Amma faci yana buƙatar minti ashirin kafin ya kama, ni kuma ban taɓa iya yin minti ashirin bakina a rufe ba.

Na ba ki labarin da kowa a nan ya sani, wanda gaskiya ne: fim ɗaya ake kawowa daga birni, garuruwa uku su raba shi ranar Lahadi. Fim ɗin yana zuwa cikin gwangwani biyar. Garin da ke gaba da mu su gama gwangwani, a ɗora shi a motar haya a kawo mana, mu gama a wuce da shi gaba. Idan aka yi ruwa hanya ta zama laka, sai gwangwani na biyar ya maƙale a wani wuri, mutane suna zaune sun ga an ɗaga wuƙa, ba su ga inda ta sauka ba. Kika ce, "To, sai a yi yaya?"

Nan ne shaiɗan ya dafa kafaɗata. Na ce miki idan gwangwani na biyar bai iso ba, sai Baba ya sauko daga ɗakin majigi, ya tsaya gaban farin bango, ya ba jama'a ƙarshen labarin da bakinsa, a yaren ƙauyen kakanninmu, wanda tsofaffin suka fi ji fiye da Italiyancin da ke cikin fim ɗin. Na ce shi ma bai ga ƙarshen ba, ƙirƙira yake yi, shi ya sa mutanen Brusasco suka yi shekara ashirin da shida suna riƙe da ƙarshen finafinai da babu irinsa a ko'ina a duniya. Ina faɗa ina dariya. Duk direban da ya taɓa tsayawa a shagona ya san irin wannan dariyar tawa, ya san a raba maganar biyu a zubar da rabi. Na ɗago kai sai na ga kin fito da wata 'yar rikoda kin ɗora a kan tayar tarakta, kin faɗi kwanan wata, kin faɗi sunan gari, kin ce, "Don Atilio, maimaita a hankali."

Mace mai digiri uku ta ce mini Don Atilio, ta ce in maimaita. Farfesa, ke ma ki yi adalci. Wa zai ce a'a?

Kafin in ci gaba da ƙorafi, dole in faɗi alherinki, don yana da yawa, kuma shi ne ya ɗaure ni. Ranar nan Ornela ce ta kawo muku ƙoƙon mate, shayin da muke sha a nan, tana shekara goma sha tara, mun riga mun gama magana za ta karanci harhaɗa magunguna, ta buɗe kantinta, ni kuma in riƙa samun maganin ciwon baya a kusa. Kika yi mata tambaya biyu kan kakanta, ta ba ki amsa biyar. Bayan wata shida yarinya ta ce ita finafinan Italiya za ta karanta. Na ce, "Karanta? Ai kallonsu ake yi." Ta ce ba zan gane ba. Gaskiyarta, har yau ban gane ba. Amma ke kika ba ta ɗakin bayan gidanki a Rosario ta yi shekara huɗu a ciki. Ke kika mayar mata da kundin digirinta sau uku, jan biro ya rufe baƙi, ta zo gida tana kuka tana cewa ba ki da imani, sannan ranar da ta kare kundin ke kika fi uwarta kuka. Lokacin da aka yi wa matata Noemí aiki a asibitin birni, kin bar aji kin zo kin zauna da ita wuni biyu kina karanta mata jarida, kina gyara wa 'yan jaridar rubutu da baki. Ke kika shiga ɗakin ajiyar zauren ƙungiya kika ƙwato hotunan tallar finafinai guda ɗari da goma daga bakin ɓeraye, da gwiwoyinki masu ciwo. Kuma ke ce mutum na farko da ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan mahaifina, kika sa na duba ko kin rubuta daidai. Ban taɓa ganin sunansa a rubuce ba sai a kan kabarinsa.

To, mu koma kan laifi, a raba wa kowa nasa.

Nawa shi ne babba. Bayan tafiyarku na maimaita labarin a teburin kati na ƙungiya, aka yi dariya, aka ce in sake. Gidan rediyon garinmu suka ji wai wata farfesa ta ɗauki muryata, suka kira ni, na je na sake faɗa, wannan karon har da yadda Baba yake cire hula kafin ya fara. Labari idan ana son sa sai ya yi ƙiba, ni kuma ba na hana shi abinci.

Naki laifin shi ne doka. Kin ce a aikinku ba a karɓar maganar mutum ɗaya, sai da shaidu uku aƙalla, kowa a tambaye shi shi kaɗai. Da na ji haka hankalina ya kwanta. Na ce shi ke nan, za ta zagaya gari ba za ta sami ko ɗaya ba, maganar ta mutu da kanta ba tare da na ji kunya ba. Sai dai kin dawo neman shaidun bayan shekara biyu, lokacin da babu tsohon da bai ji ni a rediyo ba. Kika nemi uku, kika sami bakwai.

Bakwai, Farfesa! Don Chiafredo wanzami ya rantse miki cewa yana layi na biyu ranar da Baba ya aurar da wata bazawara ga sojan da fim ɗin ya riga ya kashe a gwangwani na uku. Doña Amabile Gaido, wadda yanzu take shekara casa'in da ɗaya, ta ce ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Kuma ita ce ta kawo abin da ni kaina ban yi ƙarfin halin ƙirƙira ba. Kowa ya san Baba mai in'ina ne, mai tsanani, sai ya yi minti guda kafin ya fitar da gaisuwa. Kika tambaye ta yaya mai in'ina zai ba da labari gaban mutum ɗari biyu. Ta dube ki ta ce, "Yarinya, ai abin mamakin ke nan. Da ya tsaya gaban bangon nan sai harshensa ya kwance." Sauran shidan duk suka tuna haka nan take. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su, na rasa ko in yi dariya ko in gudu.

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Kika rubuta maƙala kika aika wata mujalla a Italiya. Aka ba wasu masana biyu da ba a faɗin sunansu su duba, kamar masu shari'a a bayan labule. Suka yi shekara guda suna dubawa. Ɗaya ya ce a ƙara bayani kan yanayin hanya lokacin damina, ɗayan ya ce ba ki ambaci littafinsa ba, wanda daga nan kowa ya gane ko shi wane ne. Babu wanda ya ce, "Anya mai facin nan ba zolaya yake yi ba?" Bayan shekara uku maƙalar ta fito. Kika kawo mini kwafi da hannunki, kika nuna mini ƙananan rubutun nan na gindin shafi, lamba arba'in da uku: Racca, A., hira, Brusasco, 2007. Na tambaye ki mutum nawa za su karanta. Kika ce idan an yi sa'a arba'in. Na ce a raina, to da sauƙi, ƙaryata a teburin kati ma ta fi haka jama'a. Ashe arba'in ɗin nan kowannensu yana da biro. Wani a Kanada ya kafa hujja da ke, wata a Brazil ta kafa hujja da shi, har aka ba abin suna mai tsawo. Shekara ta zagayo hukumar gari ta kafa allon tagulla a bangon zauren: a nan Bartolo Racca ya ba jama'arsa ƙarshen labari. Ni aka sa na yaye ƙyallen.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. A 2012, kuna cin taliyar Lahadi a gidanmu, na ja ki gefe na ce, "Farfesa, labarin nan fa akwai gishiri a ciki, da yawa ma." Kika dafa hannuna kika ce, "Don Atilio, duk wanda ya ga maganarsa a buge sai ya ji kamar ba tasa ba ce. Sananne ne a fanninmu, har suna gare shi." Kika faɗi sunan. Komai a wurinku suna gare shi. Mutum ya zo zai tuba, ku ce masa tubansa ma an yi rubutu a kai. Na ce, "A'a, ina nufin ƙarya na yi." Kika ce, "Kai ɗaya, su bakwai. Miƙo mini cuku." Na miƙa miki cuku.

Na san abin da za a ce: da na nace. Haka ne. Amma a lokacin Ornela ta riga ta zama mataimakiyarki, kuna haɗa babban littafin, aikin shekara goma sha biyu kan zaurukan finafinan Italiya a garuruwan manoma na lardinmu, sunanki a sama nata a ƙasa. Babi na bakwai kacokan a kan Baba yake. Kowace shekara na ce bari su wuce wannan matakin tukuna, kowace shekara ramin ya ƙara zurfi.

Karo na ƙarshe a watan Afrilun bana ne, a asibiti. Na shiga motar haya tun daga nan ina bitar kalmomin, na ƙudura ko za ki jefe ni da robar ƙarin ruwa sai na faɗa. Na same ki kin rame, abin numfashi a hanci, shafukan gwajin da maɗaba'a ta aiko a baje kan bargo, kina faɗa da wani waƙafi. Na buɗe baki. Kika ce, "Tsaya, duba wannan tukuna," kika miƙo mini shafin farko. Layi ɗaya ne a tsakiyar farar takarda: sadaukarwa ga Bartolo Racca, mai majigi. Na karanta sau biyu, don a hankali nake karatu. Sannan na ba ki labarin wani direba da ya kawo mini taya mai faci goma sha bakwai yana cewa sabuwa ce. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, ma'aikaciyar jinya ta kore ni. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Wannan ba laifinki ba ne, ko da yake ina so ƙwarai in ɗora miki.

Yanzu ga inda aka tsaya bayan rasuwarki. Jami'a ta buɗe gurbin malami na dindindin a sashenku, irin wanda sai a yi shekara takwas ko goma ba a buɗe ba. Ornela shekara bakwai tana koyarwa a kan takardar wucin gadi, ana sabunta mata duk ƙarshen zango. Za a rufe karɓar takardu a watan Agusta, kuma kowa ya san idan littafin ya fito kafin nan gurbin nata ne. Maɗaba'a ta ce a mayar da shafukan ranar Juma'a, talatin da ɗaya ga Mayu.

Ranar Lahadin da ke kafin nan ta zo gida da su. Bayan an ci abinci ta ture faranti ta baje babi na bakwai a teburin kicin, ta ce, "Baba, tambaya ɗaya ta rage. Farfesa ta sa alama a nan. Kaka hular yake cirewa da hannun dama ko na hagu?"

Ban san abin da ya sa wannan tambayar ce ta karya ni ba. Shekara goma sha biyu ina amsa waɗanda suka fi ta nauyi. Na ce, "Bai taɓa cire hula ba, Ornela. Bai taɓa saukowa ba."

Na gaya mata abin da ya faru da gaske, kuma ga shi ina gaya miki. Idan gwangwani na biyar bai iso ba, Baba yakan kunna fitilun zaure, ya sa sakata a ƙofar ɗakin majigi, ya zauna a ƙasa. Jama'a su yi ta buga kujeru suna ihu. Sai wani ya fara kwaikwayonsa, "Ba-ba-ba-bartolo, i-i-ina ƙa-ƙarshe?" zaure ya ɗauka gaba ɗaya, maza da mata, ana dariya. Ba ya fitowa sai kowa ya watse. Ina cikin ɗakin tare da shi sau da yawa, yana ta goge gilashin majigin da ba shi da datti. Don Chiafredo ya fi kowa iya kwaikwayon. Doña Amabile, Allah ya ƙara mata lafiya, muryarta ake fara ji. Ranar da kika tsaya a shagona kika tambaye ni sai a yi yaya, ban ga dalilin da zan ba baƙuwa wannan amsar ba. Na ba ki uban da na so a ce na yi, wanda yake tsayawa gaban mutane ya yi magana su yi tsit. Su kuma bakwai ɗin, ina jin sun fi son tunawa sun yi kuka a kan tunawa da abin da suka yi. Ban san ko wannan ma yana da suna a fanninku ba. Na tabbata yana da shi.

Ornela ta ajiye biro. Uwarta ce ta yi magana daga wurin wanke-wanke, ta ce, "Ni tun ranar farko na sani. Na ɗauka masu digiri ma suna gane ƙaryarsa kamar kowa." Ornela ta ce, "Mama, shekara goma sha biyu ba ki faɗa mini ba?" Noemí ta ce, "Wa ya tambaye ni? Farfesa ta zagaye gari da rikoda, ta tambayi wanzami, ni da nake dafa mata taliya ba ta taɓa tambayata ba." Farfesa, ki rubuta wannan a naki ɓangaren.

Na roƙi yarinyar nan. Ban ji kunya ba, na roƙe ta. Na ce ta mayar da shafukan yadda suke. Na ce shaidu bakwai ne, uku sun mutu ba za su janye ba, huɗun da suka rage za su rantse a gaban Fada a coci. Akwai allon tagulla, akwai mutumin Kanada. Na ce ta karɓi gurbinta, bayan shekara goma idan na mutu ta tona ni, har ta sami wata maƙalar. Ta tattara takardunta, ta sumbaci uwarta, ta wuce ni kamar tsohuwar taya. Kwana tara ba ta ɗauki wayata ba.

Ranar Talata, huɗu ga Yuni, ta shigo shago da tsakar rana. Ta fito da rikodarki, wadda Don Evaristo ya ba ta, ta ɗora a kan teburin aiki, ta danna, ta faɗi kwanan wata, ta faɗi sunan gari, ta ce, "Racca, A., hira ta biyu. Baba, zauna. Idan ka ƙara ko ƙwayar gishiri ɗaya zan sani." Na ce, "Littafin fa?" Ta ce ta janye shi daga maɗaba'a. Na ce, "Agusta fa?" Ta ce, "Agusta za ta zo ta wuce." Na tashi tsaye na ce mata ba ta da hankali, na ce wace irin tarbiyya ce wannan, mutum ya ga abinci a gabansa ya ture saboda wata hula da aka cire ko ba a cire ba shekara sittin da suka wuce. Ta ce, "Sau uku ta mayar mini da kundi saboda kwanan wata ɗaya da ban tabbatar ba. Kana so in sa sunanta a kan wannan?"

Kin gani? Wannan ne babban haushina. Kin ɗauki 'yar mai faci, wadda ta tashi a gidan da ake toshe huda a ce wa direba Allah ya kiyaye, kin mayar da ita mutumin da ba ya iya barin huda a rufe. Gurbin zai tafi wurin wani, ita za ta ci gaba da jiran sabunta takarda duk ƙarshen zango, Allah kaɗai ya san har yaushe. Ni na jawo, na sani. Amma da ba ki koya mata da kyau haka ba, da mun sha.

Ta ce za ta rubuta wa mujallar Italiya ta sanar da su. Za ta koma wurin shaidu huɗun da suka rage, ta sake babi na bakwai tun daga tushe, wannan karon kan yadda gari guda ya tuna abin da bai faru ba. Wato ni dai ban tsira ba, an cire ni daga shaida an mayar da ni abin bincike. Sannan ta ce magana a rikoda ba ta isa ba, sai na rubuta da hannuna, na sa hannu, a buga a takardar wata-wata ta ƙungiya inda kowa a Brusasco zai gani. Na ce ni ta'aziyya nake son rubuta miki. Ta ce, "Haɗa su. Ita ba ta son ɓarnar takarda."

Labari ya riga takardar fita, kamar kullum a garin nan. Shekaranjiya Doña Amabile ta sa jikarta ta turo ta a keken guragu har ƙofar shago, ta nuna ni da sanda ta ce, "Atilio, tun kana yaro maƙaryaci ne kai. Ina wurin, na gan shi da idona, ya cire hula." Karo na farko a rayuwata da na faɗi gaskiya tsantsa, shi ne aka zo har shago aka ce mini maƙaryaci. Kwamitin ƙungiya kuma sun kasa yanke shawara kan allon tagulla, an yi zama biyu, an kusa dambe.

Abu ɗaya na roƙi Ornela, shi kaɗai ta amince. Shafin farko zai zauna yadda kika bar shi. Ta ce babu ƙarya a ciki: sunansa Bartolo Racca, kuma mai majigi ne. Shekara ashirin da shida, Lahadi bayan Lahadi, a ɗakin da zafinsa ke narkar da kyandir, fim bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba, kuma bai taɓa ƙin dawowa Lahadin da ta biyo bayan dariyar ba. Wannan ta bincika a kundin ƙungiya ta tabbatar, ba daga bakina ta ji ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Don Evaristo, wanda ya yi shekara arba'in da huɗu yana jira a mota a ƙofar zaurukan da suka rushe ba tare da ya taɓa danna oda ba. Ga ƙanwar marigayiya Doña Clelia da 'ya'yanta. Ga ɗalibanta, waɗanda ta sa kuka da waɗanda ba ta kai ga sawa ba. Da 'yata Ornela, wadda ta rasa uwa ta biyu a wata ɗaya da ta gano halin ubanta. Allah ya ba ku haƙuri. Ina neman gafarar ku duka, da ta mutum arba'in ɗin nan masu biro.

Allah ya jiƙanki, Farfesa Herminia. Allah ya yafe miki kurakuranki, waɗanda babbansu ni ne. Ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alherin da kika yi wa gidana, ya ba ki hutun da kika ƙi ɗauka a duniya. Idan kin tarar da Baba a can, ki je ki tambaye shi da kanki. Sai dai ki zauna, ki yi haƙuri, kada ki ƙarasa masa magana. Yana daɗewa kafin kalma ta fito, amma idan ta fito ba sai kin nemi shaida ba.

Atilio Racca, mai faci
Brusasco, 10 ga Yuni, 2019